Ɗigo Biyu a Hantar Yaya

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aiki a ɗakin hoto na asibiti. Ni ce mai kwantar da mutum a gadon na'urar CT, in sa masa allura a hannu, in koma bayan gilashi in ce ya riƙe numfashi. Karanta hoton ba aikina ba ne, na likita ne. Amma in ka daɗe kana kallon cikin mutane a allo, ko ba ka so sai idonka ya koyi abubuwa.

Yaya ne babba a ɗakinmu, ni ce ta ƙarshe. Shekara goma sha bakwai ya ba ni, kuma a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifinmu. Bakanike ne, garejinsa na bayan tashar mota, ƙarƙashin wata rumfar kwano da kullum yake cewa zai sake ta, bai sake ba. Har na haifi 'ya'ya uku bai daina kirana Auta ba, ko a gaban abokan aikina ne.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ta fara lura. Ta kira ni a waya wata Talata da hantsi ta ce idon wana ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayi har da bakin sifana yake sosa baya. Ta ce bel ɗinsa ma sau biyu ke nan yana ƙara masa huda.

Da na tashi daga aiki na biya garejin. Na same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce ya fito in ga idonsa.

Ya fito yana goge hannu da tsumma. "Ciwon shawara ne kawai, Auta. Ko kuma man inji ne ya cika min ciki ya fara tasowa sama."

Na ja fatar idonsa ƙasa da yatsa na duba. Ban yi dariya ba, shi ma sai ya bari.

Motar nan tasa ce. Wata uku yana haɗa ta a hankali, in ya sami sarari. Babbar 'yarsa da ke aure can nesa, tafiyar kwana biyu, ta haifi tagwaye, haihuwar kuma ta zo da wahala har likita ya hana ta doguwar tafiya. Yaya ya ƙudura shi da Anti za su je da kansu su yi sati biyu. Har kujerar baya ya cire don kaya su sami wuri.

Ranar Alhamis ni na kwantar da shi a gadon na'urar da hannuna. Abokiyar aikina ta ce in bar mata, na ƙi. Mutumin da ke yini a ƙarƙashin mota, sai ga shi yana zufa don ya ga zoben na'ura.

"Abin nan ba zai rufe da ni ba ko?"

"Zobe ne, Yaya, bayansa a buɗe yake. Minti biyar ka fito."

Na gaya masa ruwan allurar zai sa ya ji ɗumi ya ratsa shi, kamar ya saki fitsari a wando, kada ya damu.

"To in na sake shi da gaske fa?"

"Sai mu ce ruwan allurar ne."

Na koma bayan gilashi na danna. Hotunan suka fara fitowa yanka-yanka, kamar burodi. Tun kafin su gama na ga ƙari, wani dunƙulen tsiro. Yana zaune a kan fankiriyas, 'yar gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi tana fitar da ruwan narka abinci, ya danne bututun matsarmama, shi ya sa idon ya yi rawaya. Na koma sama na bi hanta a hankali. A ɓangaren dama akwai ɗigo biyu baƙaƙe, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na wuce su, na dawo, na sake wucewa. Sai da abokiyar aikina ta taɓa ni na tuna ban ce masa ya saki numfashi ba.

Likitar da ke karanta hotunanmu dattijuwa ce, muna kiranta Mai Tabarau don guda biyu take yawo da su, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ta ja min kujera kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ciwon daji ne, kin gani da kanki," in ji ta. "Abin da ya yi kyau, bai kama manyan jijiyoyi ba. Irin wanda ake iya cirewa ne."

Sai ta ɗora bakin biro a kan ɗigon.

"Waɗannan ne ban yarda da su ba. Sun yi wa CT ƙanƙanta. Ko ƙullutun ruwa ne, mutane da yawa suna da shi har su mutu ba su sani ba. Ko kuma ciwon ne ya fara tsallakawa. Hoton wata na'urar, MRI, shi zai raba gardama. In ya riga ya shiga hanta, yanka shi wahalar banza ce, magani za a fara."

Ta rubuta haka a layin ƙarshe na rahoton, ta ja masa layi a ƙasa.

MRI ɗinmu ta yi wata biyu a lalace. Ta ɗaya asibitin da ke wancan ɓangaren gari, layinta sati uku ne. Kuma da yake Yaya mai gurzar ƙarfe ne, sai an fara ɗaukar hoton idonsa a tabbatar babu ɓurɓushin ƙarfe a ciki, don na'urar maganaɗisu ce.

Na ɗauki rahoton na kai wa likitan tiyata, wanda duk asibiti ke kira Dogo. Ya karanta a tsaye. Ya ce akwai gurbi ranar Litinin, wani majinyaci ya ɗage nasa aikin, bayan nan kuma zai tafi kwas na wata guda.

"Da son samu ne a yi MRI tukuna," ya ce.

"Likita, sati uku, sannan ga wata guda naka. Ƙarin zai tsaya jiranmu ne?"

"Ba zai tsaya ba. Shi ya sa ban ce a'a ba. Kowanne da haɗarinsa." Ya miƙo min takardar. "Ki je ki yi masa bayani dalla-dalla, duka biyun. Ke ya fi jin maganarki. Abin da ya zaɓa shi za mu yi."

Ranar Juma'a da la'asar na je gidansu. Yaya na zaune a tsohuwar kujerarsa ta falo, wadda hannunta ya yi baƙi da mai, Anti na tsaye a bakin ƙofar kicin. Na faɗi sunan ciwon. Anti ta dafa bango. Yaya ya tambayi ko ana cirewa. Na ce ana cirewa, har ma an sami gurbi ranar Litinin.

"Litinin ɗin nan?" Ya shafa kai. "Motar ta tashi jiya fa. Ba zan iya zuwa in ga yaran nan in dawo ba? Ko kwana goma ne."

"Ba abin jira ba ne, Yaya. Ka warke tukuna, ka je ka yi wata ma."

Anti ta ce, "Hantar fa? Jiya da na zo ɗaukarsa na ji tsohuwar likitar nan tana ce wa wata ma'aikaciya hanta, hanta."

"Ɗan ɗigo ne, Anti. Ƙullutun ruwa. Kowa na da shi."

"Kin tabbata?"

"Kullum ina ganin irinsa."

Ba zan ce ban ambaci MRI ba. Na ambata. Na ce akwai wani hoto da ake iya ƙarawa in mutum yana so, amma sai an tura shi cikin wani dogon bututu, rufin na kusa da hancinsa, minti arba'in ba motsi, ga ƙara kamar ana dukan durom da guduma. Na san wanda nake gaya wa. Ban ce likita ce ta nema ba. Ban ce in hoton ya nuna abu za a fasa tiyatar ba. Ban ce sati ukun jiran zai ishe shi ya je ya dawo ba.

Yaya ya girgiza kai. "A'a, gara wuƙar. Ita ai ina barci."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa gudun ɓata lokaci ne ya sa ni. Akwai wannan. Amma gaskiyar ita ce tsoron hoton nake yi. Muddin ba a duba ba, ɗigon nan ruwa ne, Yaya kuma irin wanda ake cire wa ne ya tashi. Ban shirya in zauna kusa da Mai Tabarau karo na biyu ba.

Ranar Lahadi da aka kwantar da shi, Dogo ya zo da takardar sa hannu. Ya tambaye shi ko an yi masa bayanin hantar da ɗaya hoton.

"Auta ta faɗa min komai," in ji Yaya, ya karɓi biro. Ina tsaye a ƙafar gadon ina ninke masa riga.

An ce aikin zai ɗauki awa shida zuwa takwas. Muka zauna a bencin bakin tiyata, Anti ta zo da filas ɗin shayi da carbi, ta shirya wa dogon zama. Awa biyu ba ta cika ba ƙofa ta buɗe, Dogo ya fito yana cire hula.

Anti ta miƙe da fara'a. "Har an gama? Alhamdu lillahi."

Ni ina zaune. Na riga na gane.

Ya ja mu gefe. Ya ce da ya buɗe ya tarar da hantar an yayyafa mata ƙwayoyi farare, sun fi goma, ban da waɗanda ke ciki. Cire ƙarin ba zai amfana komai ba. Ya yi wa ruwan matsarmama wata hanya don shawarar ta sauka, ya ɗebi ɗan nama a gwada, ya rufe. Bai kalle ni ba, kuma ba na jin da gangan ne. Shi a saninsa majinyaci ya ji komai ya zaɓa.

Da Yaya ya farfaɗo da yamma ya lalubi cikinsa, ya ji bandeji tun daga ƙirji har ƙasan cibiya.

"An sauke injin?" ya tambaya.

Anti ta kalle ni. Na ce, "An buɗe, Yaya. Ba a sauke ba."

Ya rufe ido. "To. An mayar da murfi ke nan."

Ɗinkin bai kama ba. Kwana tara ya fara ruwa, aka warware rabinsa aka bar shi a buɗe yana warkewa daga ciki. Zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo. Likitan ciwon daji ya ce ba zai fara ƙarin ruwan magani a kan ɗanyen rauni ba, aka ɗage, aka sake ɗagewa. Sati bakwai Yaya bai taka ƙofar gida ba sai zuwa asibiti. Mutumin da ke ɗaga giyabos ɗin mota shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa banɗaki. Motar aka ja mata tamfol a gareji. Tagwayen a waya yake ganinsu, Anti ta riƙe masa, yana tambayar wacce ce wacce, yana cewa ɗayar ta ɗauko goshin kakarta, Allah ya ba ta haƙuri.

Ni nake zuwa kullum bayan aiki in wanke raunin. Kowa na sa min albarka. Maƙwabta na cewa Yaya ya yi dace da ƙanwa a asibiti, Anti na ajiye min abinci a kula. Ina ci ina jin kamar sata nake yi. Mijina ya tambaye ni sau biyu me ke damuna ban da ciwon, na ce gajiya ce.

A wurin aiki na koma zagaye ofishin Mai Tabarau. In akwai takardar da za a kai mata sai in aiki abokiyar aikina. Wata rana muka haɗu a ɗakin shan shayi, mu biyu kawai, babu hanyar fita. Ta tambayi jikin Yaya. Na amsa, sai kuma na ji bakina ya ci gaba.

"Likita, da an yi MRI ɗin, da ta gani?"

Ta juya cokali a kofi. "Ina kyautata zaton da ta gani. Ba zan rantse ba."

"Da ya warke?"

"A'a. Wannan ki cire shi a ranki, ba ki hana shi warkewa ba." Ta kurɓa. "Da dai ba a yanka shi ba. Shawarar da an sauke ta da ɗan bututu ta baki, kwana biyu ya koma gida. Da watannin nan a tsaye zai yi su."

Na ce ai shi ya ƙi hoton, tsoron bututu yake yi.

Ta cire tabaran idonta ta kalle ni, ba fushi, ba tausayi. "Haka Dogo ya gaya min. Ni ma ya kamata a ce na je na sami wan naki da kaina." Ta ɗauki kofinta ta fita.

Kwana uku bayan nan ina tsugune gaban gadonsa da rana, na cire tsohon bandeji, ina goge gefen raunin da auduga. Ya fara tsukewa, ya yi ja mai kyau. Yaya na kallon silin.

"Yaya, akwai maganar da ban faɗa maka daidai ba."

"Ina ji."

Na faɗa masa ina kallon raunin, don ban iya kallon fuskarsa ba. Na ce likita ce ta nemi hoton, har layi ta ja. Na ce na san in ya nuna abu ba za a yanka shi ba. Na ce sati ukun da ya ishe shi tafiya. Na ce bututun ma ban faɗi cewa ana ba mutum maganin kwantar da hankali ba, kuma da zan iya tsayawa a ciki in riƙe masa ƙafa.

Fanka na juyawa, a waje wani na ta danna hon.

"Kin ga ɗigon da idonki?"

"Na gani."

"A ranki me kika ce su ne?"

"Ban bari na ce komai ba."

Ya yi ɗan tsaki, ba mai ƙarfi ba, irin wanda yake yi in ƙusa ta ƙi kwancewa. "Mai mota in ya kawo min aiki, ko na san zai yi kuka sai na gaya masa abin da na gani. Motarsa ce." Ya numfasa. "Wataƙila ma wuƙar zan zaɓa, Auta. Bututun nan har yanzu in na tuna sai in ji numfashina ya tsaya. Amma da kin bar ni."

"Ka yafe min, Yaya."

"Ƙarasa ɗaurin, iska na shiga."

Na ƙarasa. Filasta ta manne da kanta, na yanko wata. Da na miƙe da kwanon audugar sai na ga Anti a bakin ƙofa, riƙe da faranti. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta matsa na wuce, ta biyo ni har wurin famfo.

"Na tambaye ki," ta ce a hankali, don kada ya ji. "Da bakina na tambaye ki, na ce kin tabbata."

Ba ta jira amsa ba, ta koma ciki.

Washegari na yi tunanin ko kada in je, amma babu mai wanke raunin sai ni. Na je. Anti ta buɗe min ƙofa ta amsa sallama. Yaya ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ya ce ƙaramin ya daina cin alli ko har yanzu. Bai sake tayar da maganar ba, kuma kalmar yafiya ban ji ta daga bakinsa ba. Sai dai ranar da likitan daji ya zo yi masa bayanin maganin, na matso kamar yadda na saba, ya ɗaga min hannu.

"Bari likita ya faɗa min da kansa. Ke je ki samo min ruwa."

Na fita. Na tsaya a baranda da robar ruwan har suka gama.

Ƙarin ruwan sau biyu kawai jikinsa ya ɗauka. Bayan na biyun ya ce ya isa haka, likita bai ja da shi ba. 'Yarsa ta samu izinin tafiya tagwayen na da wata biyar, ta zo da mijinta a motar haya. Lokacin Yaya ba ya iya ɗaga kofi da hannu ɗaya. Aka jera masa filo a cinya aka ɗora su, ɗaya dama ɗaya hagu, uwar na tallafe da kawunansu. Ɗayar ta kama gemunsa ta ja, ya ce wannan za ta yi aikin gareji, tana da riƙo. Minti goma ya ce a ɗauke su, nauyinsu na taɓa ɗinkin.

Ya rasu kwana goma sha tara bayan zuwansu, da safe, Anti na shafa masa ruwa a leɓe. Ina wurin aiki aka kira ni, akwai mutum a kan gadon na'ura, sai da na gama da shi na fita.

Anti ba ta gaya wa kowa ba, ko 'yarta. Har yau 'yar takan kira ni ta yi min godiyar wahalar da na sha da babanta, in ce ba komai. Ina zuwa gidan duk ƙarshen mako. Anti takan kawo min ruwa, mu yi maganar makarantar yara da tsadar gas da ciwon gwiwarta. Ba ta taɓa ɗaure min fuska ba, ba ta kuma sake tambayata komai da ya shafi lafiya ba. Gwiwar ma wani asibitin take kaiwa.

Zuwana na makon jiya, da na tashi tafiya ta shiga ɗaki ta fito da wata leda. Ragowar bandeji ne da filasta da safar hannu, da kwalbar ruwan wanke rauni da ba a buɗe ba.

"Ki kai asibitinku, ko wani zai amfana."

Na karɓa. Ta ce in gaida yara, ta tura ƙofa. Na sauko bene da ledar a hannu, na tsaya a bakin titi ina jiran mota.